Murjanatu Mai Rabe Ƙwayoyin Sukari

Kafin ƙarfe bakwai Malama Murjanatu ta buɗe ɗakin shan magani na ƙauyenmu, nan kusa da Dutsi. Abu na farko, ta yayyafa ruwa a yashin tukunyar da take ajiye insulin, allurar masu ciwon sukari, don firjin ya mutu tun tana amarya. Sannan ta shimfiɗa tabarma, tsofaffi su kwance ƙwayoyinsu daga leda da bakin zane, ta zauna tana rabewa kamar mai tsintar wake. Shekara talatin da biyar tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba.

Mu nan, in dai ƙwaya fara ce, to maganin sukari ne, shi ke nan. Bakinta har ya gaji da faɗa mana ba ɗaya ba ne. Babbar, metfomin, tana tafiya da allura lafiya lau, sai dai ta murɗa ciki in ba a ci abinci ba, kuma ba a ba mai ciwon ƙoda. 'Yar ƙaramar, gilbenkilamaid, ita ce abin tsoro. In ta haɗu da allura a cikin da ba komai, sai ta sauke sukari har mutum ya faɗi. Akwai sababbi masu fitar da sukari ta fitsari, amma waɗannan labarinsu kawai muke ji daga Kano.

Bara da damina, babbar ƙwayar mahaifina, Malam Ya'u, ta ƙare. Maƙwabcinsa Kalilu ya ɗebo tasa ya ba shi, don a garinmu abin kunya ne maƙwabci ya rasa abin da kake da shi. Ashe ƙaramar ce. Baba ya haɗiye ta da sahur, ya yi allura, ya ɗauki azumin Alhamis, ya tafi gona. Kafin azahar aka tsince shi a kunyoyin gero yana gumi yana sambatu. Aka kewaye shi ana tofi, wai iska ce.

Murjanatu ta sauka daga acaɓa, ta ratsa maza, ta gwada jininsa, ta fara lakata masa zuma a baki.

Kalilu ya ce, "Malama, yana azumi fa."

Ta ce, "Matsa, Baba Kalilu. Allah bai ce ya mutu a kan nafila ba."

Da ya farfaɗo ta tambaye shi inda ya samo ƙwayar. Ya ce, "Ai duk na sukari ne, 'yata."

"Na sukari ne, Baba, amma ba naka ba ne."

Shatu, wata tsohuwa a rugar bayan gari, ita ba ta yi wannan sa'a ba. Ƙanwarta ce ta yi mata irin wannan kyauta, ranar da Murjanatu ta tafi Daura karɓo magani. Kafin ta dawo an kai Shatu makwanci. Murjanatu ta zauna a ƙofar rugar ta yi kuka kamar Shatu ce ta haife ta.

Ke ce idon waɗanda ba su iya karatun boko ba, Murjanatu. Ke kika san wanda ƙodarsa ta gaji, da wanda ke ɓoye miki azumi. Duk wannan yana kanki, ba ya cikin wani littafi, kuma da ke zai tafi. Gaskiya tsoro nake ji, ban kuma ga mafita ba.

Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma 'ya'yanmu da kuka karanci aikin lafiya kuka zauna a birni, ko ɗaya daga cikinku ya dawo ya zauna kusa da ita kafin wata ya ƙare.

Jiya na tarar da Baba da ƙwayoyi biyu farare, kusan girmansu ɗaya, a tafin hannu, ya kai su dab da idonsa, wanda ya fara dushewa saboda ciwon. Ya ce, "Auta, in ta tafi, wa zan nuna wa?"

Na duba, ni ma ban iya rabe su ba.