Tsingaro a Kabarin Mama

A nan Gaithersburg ta Amurka, a gidan 'yata, jirgin sama kan wuce ta saman rufi sau da yawa a yini. Jikokina ba sa ko ɗaga kai. Ni kuwa, da na doshi casa'in, har yau cokali kan tsaya a hannuna sai ƙarar ta wuce.

A Le Havre aka haife ni, bakin teku a Faransa. Babana, Isufu, mutumin Damagaram ne. Zuba gawayi yake yi a jiragen ruwa, har ya zauna a can ya auri uwata, Odette, 'yar garin. Tun kafin in yi wayo Jamusawa ke riƙe da garin. Faransanci muke yi a gida. Hausa ba ta fitowa daga bakin Baba sai in ya tsorata.

Ran da abin ya faru ina da shekara bakwai. Da safe Mama ta yi wanki ta shanya. Maƙwabta suna ta raɗa cewa sojojin Ingila sun kewaye garin, saura ƙiris a kori Jamus. Da la'asar ta fere dankali, ta zuba a tukunyarta ta ƙasa mai guntulallen baki, ta ɗora a wuta. Ta ce ƙanzon nawa ne.

Wajen ƙarfe shida, rana ba ta faɗi ba, muka ji gunji daga wajen teku. Sai wasu fitilu jajaye suka riƙa saukowa daga sama a hankali. Na nuna su da yatsa, don sun yi mini kyau.

"Kwanta!" in ji Baba.

Kalmar Hausa ta farko da na riƙe ke nan.

Ya sure ni, muka tsallaka titi zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa na maƙwabcinmu. Mama tana biye. A tsakiyar titi ta juya. Ta tuna wuta.

"Odette! Bar ta!"

Ba ta ji ba, ko kuwa ta ji.

A ƙasa babu haske. Bango yana numfashi kamar ƙirjin dabba. Ƙura ta cika mana baki. Wata tsohuwa tana ta kiran sunan karenta. Baba ya danne kaina a cikinsa yana karanta abin da ban sani ba. Jiragen saman waɗanda suka zo ceton mu ne ke sako bama-bamai.

Da muka fito, babu titinmu. Baba ya yi ta tono da hannu. Washegari da hantsi ya sami gawar Mama. Tukunyar tana gefenta, ta fashe.

Akwai wani lambun shaƙatawa kusa da mu. Nan mutane suka riƙa binne nasu, a naɗe cikin labule da zanen gado. Kowa ya haɗa katako biyu ya yi gicciye, ya rubuta suna. Baba bai iya boko ba, hannunsa kuma ya kasa haɗa gicciye. Ya dubi rana ya nemi alƙibla. Ya kwantar da ita. Ya kafa tsingaron tukunyar, ɗaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa, yadda ake yi a garinsu. Ya kama haɓata.

"Duba da kyau."

Na duba. Bishiya mai ƙonannen gefe ɗaya. Bayanta, guntun hasumiyar coci.

Da yamma gunjin ya dawo. Muka gudu. Muka hau tudu cikin jerin mutane masu tura kekunan jarirai cike da barguna. Ba mai kuka. Ƙarar takalman katako kawai ake ji. Daga kan tudu na waiwaya, na hango teku daga inda ba a taɓa hango shi ba, don babu sauran gini a tsakani.

A wata ruga ta shanu muka fake. Can muka ji Jamusawa sun miƙa wuya, bayan sun farfasa tashar jiragen ruwa. Wani sojan Ingila ya ba ni alewa. Baba ya bar ni na karɓa, amma bai dubi mutumin ba.

Ba a bar mu mun koma ba sai da aka daɗe. Muka tarar an tone lambun. An kwashe masu gicciye zuwa maƙabarta, kowa da sunansa. Wani ma'aikaci ya tambayi Baba ina gicciyen matarsa. Baba ya ce ya sa mata tsingaro. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya nuna gabas da yamma, ya ce, "Malam, garin nan duk tsingaro ne."

Baba ya kai ni Damagaram. A can na ga maƙabarta cike da fasassun tukwane, ba mai taɓa ko ɗaya.

Aikin tafinta ya kai ni ƙasashe. Na ga garuruwan da yaƙi ya ci, aka maido su a kan tsoffin titunansu, har tsoho ya gane ƙofar gidansu. Namu ba haka aka yi ba. Da na koma da furfurata, na tarar da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, gidaje na kankare, an ɗaga ƙasar a kan ɓaraguzai. Lambun yana nan, ciyawa shar, yara na wasa. Babu bishiyar. Babu hasumiyar. Na zaga har ƙafafuna suka gaji, ban san kusurwar da zan fuskanta in yi addu'a ba.

Kwanan baya jikata ta buɗo mini hoton lambun daga sama a wayarta. Ta ce da Turanci, "Kaka, nuna mini wurin." Yatsana ya yi ta yawo bai sauka ba.

Baba yana kwance a Damagaram, da tsingaro a kansa. Ni kaɗai ya ce wa in duba, kuma abin da na duba babu shi. Mama ba ta da kabari.