Yadda Albashin Farko Ya Sa Na Riƙa Raba Maganin Mijina Biyu

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A tsakiyar shekarun casa'in ni mace ce 'yar shekara talatin da 'yan kai, haifaffiyar Jos, ina zaune a wani tsohon bene a Morris Heights cikin Bronx, a birnin New York, tare da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Shi ya fara zuwa Amurka, ya yi tuƙin tasi har Allah ya ba shi takardu, sannan ya aiko muka biyo shi. Muna cikin rufin asirinmu sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, tuƙi ya ƙare. Ta haka muka shiga welfiya. Gwamnati tana taimaka mana da kuɗin haya, tana ba mu takardun sayen abinci, ga kuma katin asibiti da nake karɓo masa magani da shi ba tare da na biya ko sisi ba.

Kamata ya yi in gode wa Allah, amma gaskiya kunya ce ta cika min zuciya. Takardun abincin nan launinsu daban da na dala, duk wanda ke bayanka a layi ya san halin da kake ciki. Saboda haka nakan wuce shagunan unguwarmu in hau bas zuwa inda babu mai jin Hausa, in yi cefanena can in dawo. Ofishin welfiya kuwa na tsane shi kamar mutuwata. Sai ka wuni a kan kujerar roba kana jiran a kira sunanka, a yi maka tambayoyin da ko uwarka ba za ta yi maka ba. Duk ranar da na fito daga wurin nakan roƙi Allah ya nuna min ranar da ba zan sake taka ƙofarsa ba.

Allah kuwa ya amsa. Wata mata da muke haɗuwa a masallaci ta yi min hanya na samu aiki a ɓangaren wanki na wani gidan kula da tsofaffi kusa da Stapleton, can Staten Island. Tafiyar ba ƙarama ba ce: jirgin ƙasa mai lamba huɗu har ƙarshen Manhattan, jirgin ruwa zuwa St. George, sannan bas. Ban damu ba. Ranar da aka ɗauke ni na tsaya a bakin jirgin ruwan iska tana dukan fuskata, ina dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. A ranar na ƙudurta cewa ni da ofishin welfiya haihata-haihata. Ban je na gaya musu na fara aiki ba. Da suka aiko in zo a sabunta mana takardu ma, ban je ba. A tunanina mai albashi ba ta da abin yi a wurin.

Kuskurena na biyu shi ne na kashe albashin tun kafin in gan shi. Na ɗauki abin da aka ce za a biya ni a awa na ninka a kaina, na ga kuɗi sun taru. Na buga wa mahaifiyata waya na ce ta kira mai gyaran rufi, kwanon ɗakinta ya daina yoyo daga bana. Na karɓo saitin kujeru a wani shago da ake biya wata-wata, don na gaji da baƙi suna zama a kan katifa. Na shiga adashin matan unguwarmu, na kuma ɗauki zubi mai nauyi don kada a raina ni. Da cekin albashina na farko ya zo, sai na ɗauka kuskure aka yi. An cire haraji iri-iri, an cire na ƙungiyar ma'aikata, abin da ya rage bai kai inda na kai shi ba ko kusa. Ga kuɗin mota kullum, ga haya ta dawo kaina gaba ɗayanta, ga abinci da yanzu sai da tsabar dala. Inshorar lafiya ta wurin aiki kuma aka ce sai na yi wasu watanni kafin ta fara.

Ban farga da ramin da na haƙa ba sai ranar da na je kemis karɓar maganin maigidana. Mutumin ya duba katin ya sake dubawa, ya ce an rufe shi. Da ya gaya min kuɗin maganin wata guda, sai na ga ya kusa cinye albashina na mako. Mutane suna bayana a layi. Na ce ya ba ni rabi. A hanyar gida na yi ta lallashin kaina cewa na ɗan lokaci ne, da zarar na kwashi adashi komai zai daidaita. Na shiga kicin na ɗauki wuƙa na raba kowace ƙwaya biyu. Da maigidana ya tambaye ni dalilin da maganin ya ƙanƙance, na ce masa likita ne ya rage saboda jininsa ya sauka. Ya yi hamdala, ya ce ashe sauƙi yana zuwa. Wallahi har yau idan na tuna wannan hamdalar sai jikina ya yi sanyi.

A ƙasan benenmu akwai wata dattijuwa 'yar Kumasi, Hajiya muke ce mata, tana sayar da atamfa da turaren wuta a cikin ɗakinta. Tun da na fara aiki ita ke leƙa maigidana da rana ta kai masa koko. Wata ranar Talata ina tsaye gaban injin busar da zannuwa aka ce ana nemana a waya. Hajiya ce. Ta same shi a ƙasa kusa da banɗaki, bakinsa ya karkace, ta kira motar asibiti sun tafi da shi. Na bar aikin na fito da gudu, amma jirgin ruwa ba ya sauri don wani. Na zauna ina kallon Manhattan tana matsowa a hankali, ina karanta duk addu'ar da na sani, ina kuma sane da cewa ni kaɗai a duniya na san abin da ya kayar da shi.

A asibiti likita ta tambaye ni ko yana shan maganinsa yadda aka rubuta. Hajiya tana gefena, shi kuma yana kwance idonsa a buɗe. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na faɗi komai, tun daga katin har wuƙar. Likitar ba ta yi min faɗa ba, ta ce mun yi sa'a an kawo shi da wuri. Bayan ta fita na durƙusa a bakin gadon na kasa ɗaga kaina. Da ƙyar maganarsa take fita, amma na ji shi sarai. Ya ce, "Maman yara, da kin gaya min, ai da mun zauna a kan katifar." Har ya bar duniya bai sake tayar da zancen ba.

Hajiya ce ta yi min faɗan. A barandar asibitin ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, wa kike jin kunya? Mu? Rabin matan da kike zuba adashi da su sun zauna a kujerar welfiyar nan da kike gudu. Ni ma na zauna." Washegari ta rufe ɗakinta ta raka ni ofishin welfiya da ƙafarta. Matar da ta karɓe mu ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta bayyana min cewa da na zo na sanar da su tun farko, da katin asibitin ya ci gaba da aiki na wani lokaci, domin an tanadi haka ne musamman saboda masu fita daga welfiya zuwa aiki. Wato abin da na kusa kashe mijina a kansa haƙƙinmu ne da na gudu na bari. Ta yi ta kai da kawo har aka sake buɗe masa katin. Matan adashi kuma, da Hajiya ta gaya musu, wadda kwasarta ta zo ta bar min, suka rage min zubi, babu wadda ta yi min gori. Na mayar da kujerun na yi asarar abin da na riga na biya. Na kira mahaifiyata na gaya mata gaskiya, ta ce damina ɗaya ba za ta kashe ta ba, in kula da mijina.

Daga nan na koyi bin abu a jere. Idan ceki ya zo, haya da magani da kuɗin mota nake fara cirewa, sai abinci, abin da ya saura shi ne nawa, ko da bai taka kara ya karya ba. Ba na yi wa kowa alkawari da kuɗin da bai shigo hannuna ba. Na daɗe a wurin aikin nan har aka ba ni shugabancin ɓangaren, maigidana kuma Allah ya ja kwanansa har ya ɗaura auren babbar 'yarmu da bakinsa.

Ina roƙon duk wanda Allah ya ba aiki bayan zaman taimako, kada murna ta sa ka rufe ƙofar baya da ƙarfi. Ka je ka sanar, ka tambayi abin da zai tsaya da abin da zai ci gaba, ka jira ka ga cekinka da idonka kafin ka buga waya gida. Idan kuma abu ya ƙwace maka, ka buɗe baki ka gaya wa na kusa da kai tun ana iya gyarawa. Ni na yi shiru, sai da Allah ya turo wata baiwarsa da kwanon koko ta tsinci mijina a ƙasa. Hajiya ta koma Kumasi ta rasu a can, ban samu zuwa jana'izarta ba. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata fatiha.