Jikkar Inna Mai Tsumma

Kwanakin ga ina koyon aikin hiddo kaya daga kwastan, ni kaɗai da wayata, ba malami. Wallahi abin na da daɗi! Ka san jikka ma da lambarta a dokar kwastan? Ta hwata daban, ta roba daban, ta yadi daban, kuma abin da ad daga waje shi aka dubawa, komi kyawon cikin. Ran da nik karanta wannan, sai da na aje wayar. Inna nit tuna, kakata ta wajen uba.

Gidanmu na Goronyo, in anka yi isha'i lokacin sanyi, Inna kan hura kara ta tara mu. Kullum da wata jikka bisa cinyarta, duk faci, tsumma kan tsumma. Mu ce mata, "Inna, tsohuwa mai kayan bola!" Ta ce, "Ku ci gidanku. Ga ta nan tahe, wa ka tarbarta?" Mu ce mun tarbe.

Gatanar da ta hi so ita ta ta wata mata da mijinta baduku yaɗ ɗunka ma jikka da jar hwatar akuya, kahin ya rasu. Duk inda hwatar tat tsage sai ta lulluɓe da ƙyallen zanenta, har hwatar ta ɓace ciki. Wata rana ta zo ƙohwar birni, inda sarkin ƙohwa ka rarrabe kaya: masu jikkar hwata su shiga ta babbar ƙohwa, masu tsumma su zagaya ta baya.

Nan Inna ka ƙara kauri ga murya, irin ta sarkin ƙohwa: "Ke, mi a wannan?"

"Hwata ta, ranka shi daɗe."

"Ni tsumma nig gani. Warware in gani."

Matar ta san facin nan shi ar riƙe da hwatar, in ta warware komi zuba za shi yi. Sai tac ce, "To, tsumma na." Ta zagaya ta baya, tana kuka, jikkarta na hammata.

Mu kan yi ta gardama. "Inna, wauta ta yi!" Ita ko sai ta shahi tata jikkar ta ce, "Ta ƙare, ku tashi, hayaƙi ya shigar min ido."

Da Inna ta rasu, Gwaggo, ɗiyar Inna, na sharar ɗakinta, taɗ ɗago jikkar tac ce min, "Sani, wagga fa?" Ban ko taɓa ba nic ce, "Tsumma na, Gwaggo." Ni da hannuna nis sa ta wuta bayan gida. Da ƙyallen yac cinye, sai warin hwata yat tashi. Gwaggo ta hito da gudu, ta tsaya, tac ce, "Wayyo, ɗunkin Baba na." Kakanmu baduku na, ashe, ba wanda yat taɓa hwaɗa min.

Dokar kwastan ba ta yi laihi ba, dole a samu abin dubawa, kuma zan iya ta sarai in sha Allah. Amma jikkar hwarko da nib ba lamba a rayuwata, daga waje nid dube ta, kuma har yau in baduku na ƙona gehen hwata kasuwa, sauya hanya nikai.