Ƙafar da ta cinye kuloci

Surukina yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai rake da ita daga Nasarawan Doya zuwa Makarfi. Shi ke tuƙa abarsa. Ni malamin firamare ne, sai ranar Asabar yake aiko mini da makulli in kai masa kaya Hunkuyi. Kwana shida tana hannunsa, kwana ɗaya tana hannuna. Amma da kuloci ya ƙone sau biyu cikin shekara guda, kwana ɗayan nan ne ya yi laifi.

A ƙofar masallaci ya yanke hukuncin. Ya ce yaran yanzu takarda kawai suka sani, ƙafarsu ba ta da ladabi. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma ni ne yaron. Kafin mako ya zagayo, ko wajen mai shayi na zauna sai wani ya shaƙi iska ya tambaya ko ana jin ƙauri. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin ina ji da tuƙina. Sai dai mutumin da ba ka iya cin tuwo a gabansa, ta ina za ka fara ce masa ba haka ba ne?

Kuma na san mai laifin. Kunya ce ta nuna mini shi. Duk ranar da ya ɗauke ni a motar, kaina a sunkuye yake kamar na kowane surukin kirki, kuma wanda ya sunkuyar da kai a gaban mota ƙafar direba yake kallo. Ƙafarsa ta hagu ba ta sauka daga kan kuloci. Tun daga ƙofar gida har kasuwa tana nan a kai, ta yi ɗaiɗai. Na kai ƙara wajen matata, ta ce babanta ya fara tuƙi tun ina tsumman goyo, in nemi wani zancen.

Karo na uku bai jima ba. Motar ta fara kuka a hawa: a taka totur inji ya yi ta ruri, ita kuwa tana rarrafe, ga ƙauri. Nan na ga ranata ta zo. Akwai wani tsohon bakanike a Makarfi, Bakano, wanda shi da surukina ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna tas, irin wasan Kanawa da Zage-zagi. Abin da bakina ba zai iya faɗa ba, nasa zai faɗa har da ƙari. Na riga surukina zuwa garejin da kwana ɗaya, na zayyana masa komai, na roƙe shi abu guda: in ya gama dubawa, ya sa mai motar ya tuƙa shi.

Washegari muka kai motar. Bakaniken ya san aikinsa, ba ya gaggawar kwance abu. Inji a kashe ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, duk suka shiga sumul, ya ce giyabos ba ta da laifi. Ya buɗe ɗan kofin man kuloci, a cike yake, ba yoyo. Sannan ya tayar da mota, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Lafiyayyar mota nan take inji zai mutu. Wannan ko gezau, ya ci gaba da gurnani. Ya ce farantin kuloci ya cinye, boris ɗinsa ma yana kuka. Surukina ya kaɗa kai ya dubi sashen da nake, ni kuwa na ƙara sunkuyawa, ina dariya a ciki.

Muka shiga gaba mu uku, surukina na tuƙi, bakanike a tsakiya, muka kama hanyar Ikara. Ba mu yi nisa ba ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo.

“Bazazzagi,” in ji shi, “wannan kuloci ne ko matashin ƙafa? Da ka faɗa mini barci take ji, ai da na shimfiɗa mata tabarma. Sauke ta.”

Na juya fuskata waje ina cizon leɓe. Shekara guda nake jiran wannan magana. Can sai surukina ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya sa shi ƙarƙashin gwiwarsa, ya ɗaga ƙafar ya ajiye ta a ƙasa kamar kayan wani. Da muka zo kan wani rami, sai da ya sake kamo ta da hannu kafin ya iya canza giya, motar na neman barin hanya.

Ya gangara gefe ya tsaya. Ya ce tun bara gwiwar take haka, in ya sauke ƙafar ba ta hawa da kanta. Bai gaya wa kowa ba, don ya san 'ya'yansa, ranar da suka ji ranar za su ɓoye makulli. Bakaniken da bakinsa ba ya mutuwa ya kama gyaran hula. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji haushin kaina. Na haƙa rami, ga shi ya yi zurfin da ban so ba.

“Malam,” in ji surukina, bai dube ni ba, “ka gani ko?”

“Ban ga komai ba, Baba.”

Aka sauke giyabos, aka sa sabon faranti da boris. Ni na tuƙo mu gida. Da aka tare ni ana tambayar abin da bakanike ya gano, na buɗe baki, ga gaskiya a kan harshena, wadda za ta wanke ni tas. Na ce ƙafata ce. Aka yi ta dariya.

Washegari surukina ya sanar cewa ba zai bar mijin 'yarsa cikin jahilci ba. Daga yau duk tafiya sai an tashi daga makaranta, ni zan riƙe sitiyari, shi zai zauna a gefe ya koya mini. Haka muka yi shekara huɗu, kuloci bai sake ƙonewa ba, kowa ya ce koyarwar Alhaji ta yi amfani. A daji ba ya cewa uffan, wani lokaci har gyangyaɗi yake. Amma da ya hango taron mutane sai ya gyara zama, ya sauke gilashi, ya ɗaga murya yadda za a ji.

“Ɗauke ƙafarka daga kan kuloci.”

Ƙafata tana ƙasa. Sai in ce, “To, Baba.”