Tsinken Iya Ladi

Sallama gare ku 'yan'uwana fatake na zangon Zazzau. Ni ne Tanko mai kanwa, wanda kuka bari a Kutemeshi. Damina guda ba ku ji ɗuriyata ba, har an ce wasunku sun yi mini addu'ar mamaci. Na gode, amma ku adana ta tukuna. Ina nan da raina, Malam Buba ne yake rubuta abin da nake faɗa.

Abin ya fara da ƙaiƙayi a idon sawuna na dama, muna tsakiyar dajin Birnin Gwari za mu Nufe. Bayan kwana biyu sai ƙurji mai zafi kamar an ɗora garwashi. Da na tsoma ƙafar a rafi ya fashe, wani farin zare ya leƙo.

Kurkunu.

Madugu ya duba ya ce, "Tanko, ayari ba zai tsaya ba, kai ma ka sani." Na sani mana. Da shi ne ya kwanta, ni ma haka zan ce. Ya damƙa ni ga Malam Buba, limamin garin, ya haɗa jakunana da nasa suka wuce.

Kun san halina, ban iya jira ba. Malam ya ce a naɗe shi a tsinke, kullum a murɗa kaɗan. Na yi kwana huɗu ina yi, abin da ya fito bai kai tsawon yatsa ba. Rana ta biyar na fincike shi da ƙarfi, ya katse a ciki.

Ƙafa ta kumbura har gwiwa. Zazzaɓi ya rufe ni, na daina gane safe da yamma. Wanzami ya zo ya yi mini sakiya, mugunya ta kusa cika ƙoƙo. A gabana ya ce wa Malam, "Ga na biyu nan yana tasowa a ƙauri. In shi ma ya katse, ko ya rayu ba zai ƙara taka ta ba."

Na ji tsoro ƙwarai. Ba ni da gona, ba ni da sana'ar zaune. Da ƙafar nan nake ci da 'ya'yana.

Zazzaɓi ya hana ni riƙe tsinke, idon Malam kuma ya yi rauni, ba mai naɗe mini na biyun. Warin ciwon ya sa masu shigowa zauren sun koma gaishe ni daga ƙofa.

Akwai wata tsohuwa Bagwariya, Iya Ladi, da ke fitowa daga wata tunga a cikin daji, ɗauke da itace a kafaɗa. Hausarta ba ta raba namiji da mace. Ranar da muka sauka garin ta ce mini, "Ki sayi itace." Na kwaikwaye ta, ayari duk suka yi dariya. Wasunku suna wurin.

Ita ce wata safiya ta tsaya a ƙofar zauren ta ce, "Me ya same ki?"

Kunya ta kama ni. Ta sauke itacen, ta ɗumama ruwa, ta wanke ƙafar da ni kaina ba na son kallo. Ta shafa man kaɗanya, ta fere tsinke, ta kama bakin kurkunu na biyun da ya leƙo, ta murɗa sau ɗaya, ta ɗaure da ƙyalle.

Na ce, "Iya, ƙara mana." Ta doke mini hannu. "Ki yi haƙuri. Kaɗan-kaɗan."

Haka kullum, wajen wata biyu. Ranar da aka yi ruwa rafi ya cika, jiƙe ta iso har ƙugu.

Ni dai a sanina, mai taimako ko riba yake hange ko lada. Na ce wa Malam, "Allah gafarta Malam, matar nan ba ta zauna gaban malami ba, ba wanda ya yi mata wa'azin lada, ni kuma ba ni da komai. Me ke kawo ta?"

Ya ce, "Wanda ya halicce ka da jin ƙishi, shi ya halicce ta da jin tausayi. Kai ma an sa maka, Tanko. Kasuwa ce ta danne shi."

Ban gamsu ba, sai na tambaye ta da kaina. Ta ce, "Na ji nishi, ƙafata ta ƙi wucewa." Na ce ko ta tuna na yi mata dariya? Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baki ya yi dariya. Ni ƙafa nake yi wa magani."

Ranar wata Laraba ya fito gaba ɗaya, bai katse ba. Na yi kuka a gabanta, ban ɓoye ba. Bayan mako uku na taka zuwa masallaci da sanda. Yau ina ɗingishi kaɗan, amma ƙafata tawa ce.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malam Buba da iyalinsa, da wanzamin da ya faɗi gaskiya. Iya Ladi kuwa, na miƙa mata sauran kanwar da ke jakata, ta gutsiri ta miya ta mayar mini.

Duk wanda ya ga farin zaren nan, kada ya ja. Ya naɗe a tsinke, ya wanke da ruwan ɗumi, ya nemi mai hannu a natse. Iya ta ce ruwan kududdufi ke kawo shi, shi ya sa nake tace nawa da gefen rawani. In kuma kun bar mutum a zango, ku aiko a ji yadda ya kwana.

Za ku ce me ya hana ni dawowa tun da na warke. Na ɗaure kaya ke nan wani ayari ya bar mutum a zauren nan, ƙato mai gemu, da nasa kurkunun a ƙafar hagu. Na ji nishinsa, na kwance kayan.

Jiya ina murɗa masa ya daka mini tsawa wai in ja da ƙarfi. Na doke masa hannu, sai na ji bakina ya ce, "Ki yi haƙuri. Kaɗan-kaɗan."

Ya yi mini dariya. Ban gyara ba.