Ragon Layyata a Gidan Kawu Lawali

Duk wanda ya san Kawu Lawali a Talata Mafara ya san aljihunsa ba ya rabuwa da tsumma da guntayen kara. Mu mahauta ne gaba da baya, amma shi, ƙanen mahaifiyata, sai ya ajiye wuƙa ya koma ɗorin dabbobi. Jaki ya karye a Morai, mota ta buge kare a hanyar Bakura, duk gidansa ake jibgewa. Mun ji kunya har mun gaji.

Shekarar da na zama maigida na sayi ragon layya, fari tas, don unguwa ta san ni ma na kawo ƙarfi. Garin sauke shi daga mota ya karye a ƙafar gaba, gurgu kuwa ba ya layya. Da yake Sallah da saura, wauta ta ja ni na kai shi wurin Kawu.

Ina shiga zaure na yi ido huɗu da ungulu a kan tabarma, fiffikenta a ɗaure. Na ja da baya ina salati.

"Kawu, ungulu hwa bisa tabarmar baƙi?"

"Ita ma baƙuwa ta, kuma ta riga ka zuwa. Zamna daga can."

A ƙasa na zauna, ita tana hararata.

Wata rana na koma duba rago, na zagaya in yi alwala. Na leƙa rabin duro zan ɗebi ruwa, sai ga ɗan kada kwance a ciki. Wai masuntan Maradun suka kawo shi, ƙugiya ta yaga masa baki. Ban san lokacin da na dawo tsakar gida ba takalmi ba.

"Kawu, kada cikin gida, ga jikoki suna yawo?"

"Rage murya, kwana shikai. Shi wa yac ciza? Kai ko wuya nawa ka yanke?"

Ranar jajibere na je da igiya. Rago ya warke sumul, ya yi ƙiba har yana sheƙi. Kawu ya dubi hannuna.

"Igiyag ga ta mi ce?"

"Gobe Sallah, Kawu."

"Ƙahwad da niɗ ɗaura da hannuna, ita za ka ci da yaji? Majinyacina ba shi zuwa ga wuƙa."

Na ɗauka wasa ne. Na turo dattawa, ya dama musu fura, suka sha suka fito suna ba ni haƙuri. Ranar Sallah kowane gida hayaƙi na tashi ban da nawa, ni ɗan mahauta. Matata ko ƙofa ta ƙi leƙawa. Da la'asar sai ga sallamar Kawu, da kwano a hannu.

"Halan akwai ɗan hanji? Ungulu ba ta karya ba."

Na juya na shige gida. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, ya raba majinyatansa ga maƙwabta, kadan aka mai da shi ruwa. Sannan ya sa aka kira ni.

"Ɗauki ragonka. In kana iyawa, ka yanka."

Wata Sallar ta zagayo, na wasa wuƙa, na ce yau magana ta ƙare. Ina durƙusawa, ragon ya ɗaga ƙafar nan ya ɗora min a gwiwa, yana jira in duba masa. Ashe haka suke yi da Kawu kowace safiya. Na ajiye wuƙar, na murza ƙafar a hankali, hawaye suka zubo min. Yana nan gidana ya tsufa, ni nake jiƙa masa dusa.

Ya Allah, Kawu bai taɓa wuce mai rauni ba. Ka ji ƙansa yadda ya ji ƙan bayinka marasa baki, ka haskaka kabarinsa. Amin.