Wandon Iska

Ko tsufa zai kwashe mini tunani kaf, ba na jin zai iya ɗauke ranar da ƙaramin jirgin sama ya kife a gabana, kuma ɗinkin maigidana ne sila.

A shekarar mun yi shinkafar rani tsakanin Talata Mafara da Bakura, ita ce abincinmu har kaka. Ta yi kyau, ta sunkuyar da kai, sai tsuntsayen jan-baki suka sauko mata. Su taso daga wajen Maradun kamar hayaƙi, su tare rana, su zuba cikin gona shuuu. Mun kaɗa gwangwani har hannu ya kumbura, a banza. Ana haka aka ce jirgin feshi na tafe, zai sauka a tsohon filin bayan gari ya ɗauki magani.

A filin akwai wani dogon ƙyalle mai kama da ƙafar wando bisa sanda, mu dai wandon iska muke ce masa. Shi matuƙi ke duba daga sama ya san inda iska ta dosa da kuma ƙarfinta. Rana ta cinye shi, sai mai gadin filin ya kawo wa maigidana gyara, da yake tela ne. Shi kuwa bawan Allah bai iya ganin ɓaraka ya ƙyale ba, ko zanena ne ya ɗan tsage sai ya biyo ni da allura.

Ya ɗaga ya ce, "Dubi wanga abu, ƙasan ma a buɗe yake, ba wanda ya kula."

Ya samo yadi mai kauri ya ninka masa, ya ɗinke ƙarshen tsaf. Na ce, "Malam, wandon ango ne?" Ya ce aikin jama'a ba a yi masa ha'inci.

Da la'asar muka fita kallo. Hadari na can gabas ya yi shuɗi, iska na zuwa a guje ta gefen filin, ta lafa, ta sake bugowa. Mayafina kamar zai tashi ya bar ni, amma wandon na rataye abinsa, nauyi ya hana shi motsin kirki. Sai ga jirgin, fari fat, yana saukowa a hankali kamar balbela. Wallahi na shagala. Ji na yi kamar ni ce a ciki, ina kallon gonarmu daga sama, ba tsuntsu ko ɗaya, buhuna jere a zaure.

Tayarsa na taɓa ƙasa iska ta shigo masa ƙarƙashin fiffike. Ya karkata, ɗaya fiffiken ya ja ƙasa, ya juya ya kife cikin ciyawa. Abin mamaki, ban tuna wata ƙara ba. Salati kawai nake tunawa, da taya guda tana juyawa sama ita kaɗai.

Allah Ya yi da sauran kwana, matuƙin ya fito da jini a goshi. Da ya dawo hayyacinsa sai ya taka har gindin sandar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wa ya rufe masa baki? Iska ta shiga ta fita, shi ne aikinsa. Na duba na ga ya kwanta, na ɗauka lafiya lau."

Malam ya matso ya ce, "Ni ne. Na ga rami, na ɗinke."

Matuƙin ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ma da ya dubi itatuwa da ya gane. Wannan bai sanyaya wa Malam rai ba, domin kafin wani jirgin ya iso jan-baki sun gama da mu, da maƙwabtanmu duka. Abin da muka kwaso bai kai mu tsakiyar damina ba. Na yi kuka, na yi faɗa, daga baya tausayinsa ya fi ƙarfina. Makonni ya yi bai taɓa keken ɗinkinsa ba.

Tun daga ranar, in na ga abu a buɗe, ko a kaya ko a zaman mutane, sai na tambayi masu shi kafin in kai hannu. Ashe ba kowace ɓaraka ce ake ɗinkewa ba, wata da gangan aka bar ta.